Daga Bakin Gado Zuwa Makewayi: Kundin Aikin Gyaran Gidajen Tsofaffi a Ƙasar Ringim

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Yau aka gama zagayen farko. Gidaje goma sha biyu ne a ƙauyuka biyu, kowanne da tsoho ko tsohuwar da ake ɗawainiya da su: huɗu ɓarin jikinsu ya shanye, biyu daga ciki ma suna kwance, uku ido ya yi rauni, biyu gigin tsufa ya kama su, sauran ukun gwiwa ce da nauyin shekaru. Lamba aka ba gidajen, ba za a kama sunan kowa ba. Masu aikin su ne ma'aikaciyar lafiya, da magini, da kafinta, da mai walda, sai matasa biyu masu haƙa da ɗauko.

Da gangan aka yi zagayen bayan sallar Isha'i. Tsakar gidan da ka gani fes da rana, da dare wani wuri ne daban. Ga turmi an bar shi inda aka yi daka, ga igiyar akuya ta miƙe daga turke ta tare hanya, ga ruwan rariya ya jiƙa ƙasa daidai inda ake takawa. A kowane gida an sa tef daga bakin gado har ramin masai, ana bin sawun da tsohon yake bi. Mafi kusa mita 8, mafi nisa mita 23, kuma gida tara ba fitila ko ɗaya a hanyar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum 684,000 a shekara, kuma 'yan sama da shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Amma tambayi tsohuwa ko ta taɓa faɗuwa, "A'a, alhamdu lillahi" za ka ji, don tana gudun a hana ta fita. Sai an sauya tambayar: "Inna, ƙafa ta taɓa goce miki a wurin wanka?" Ko kuma a ja jikanta gefe. Da haka aka gano bakwai sun faɗi a cikin shekarar nan, biyar daga ciki tsakanin Isha'i da Asuba.

An yi wa masu iya takawa gwajin tashi da tafiya: mutum ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna, ana duba agogo. Wanda ya kai daƙiƙa 12 ko fiye yana cikin haɗari. Takwas cikin goma sun kai daƙiƙa 12 ko sun haura. Da gidajensu za a fara.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Gwajin farko ya ci tura, kuma gara da ya ci a gabanmu. A gida na 2 an kafa katakon riƙo a jikin katangar ƙasa da ƙusa mai inci shida. Magini ya kama ya saki nauyinsa baya kamar mai shirin faɗuwa, katakon ya fito da dunƙulen yaɓe a jikinsa. Tubali yana ɗaukar nauyin da ya danno daga sama, amma ba ya riƙe abin da aka fizga ta gefe. Shawarwarin da ake gani a rubuce na gidan bulo da tayil ne, inda ake huda bango a ɗaure ƙusa. A gidan ƙasa, mariƙin da zai tuge ya fi rashinsa haɗari, domin tsoho ya riga ya ba shi amana.

Daga yau duk abin riƙo daga ƙasa zai taso. Bututun ƙarfe irin na ruwan famfo, mai kaurin inci ɗaya da kwata, shi ne ya fi cika hannu. Ana yanka ginshiƙi santimita 150, a binne 60, a bar 90 a sama. A gindinsa a yi waldar guntun rodi a gicciye don kada ya juya a cikin kankare. Rami santimita 30 kowane gefe, zurfi 60. Kwaɓi kuwa kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Buhu ɗaya yana cika wajen rami uku. Tazarar ginshiƙi da ginshiƙi kada ta haura mita ɗaya da rabi, in ba haka ba na saman zai riƙa lanƙwasa. Ban ruwa safe da yamma kwana bakwai, kuma a cikin kwanakin nan a kewaye shi da ƙaya, don yara da awaki ba su san kankare bai kama ba.

Inda kuɗin ƙarfe ya gagara, itacen ƙirya ko azara za su yi, a shafe wurin binnewa da baƙin mai saboda gara. Azara kam sai an goge ta sosai, sartsenta ba kyau.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mako biyu aka yi a makewayi, kuma nan ne aikin ya fi yawa.

Kafin komai an duba bakin masan kansa. Mafi yawa itace aka jera a kan rami aka bi da ƙasa, wasu an yi musu fatar siminti a sama, wadda ke ɓoye ɓarnar gara. Ana bubbuga wurin da taɓarya: in ya yi ƙarar ganga ko ƙasa ta zuba ciki, itacen ya tafi. Gida na 5 da na 9 haka aka same su. Na 5 an rufe shi an haƙa sabo da murfin kankare mai rodi. Na 9 mai gidan ya ce a bari sai ya sayar da gyaɗa. An rubuta, za a koma.

Tsuguno shi ne abin da gwiwar tsoho ta fara ƙi. Sauka ba ta cika wuya ba, tashin ne: jini ya taru a ƙafa, mutum ya yunƙura, jiri ya ɗebe shi, ga ba abin kamawa sai zana. Kafinta ya yi kujerar masai da katako tu-bai-tu mai ƙwari, da hannuwa biyu na dafawa. Tsayin mazauni ba a yi shi bai-ɗaya ba. Ana auna mutum yana zaune, daga bayan gwiwa zuwa ƙasa, a ƙara santimita biyu ko uku; yawanci yana faɗawa tsakanin 42 da 48. Ramin mazauni faɗin santimita 22, an goge bakinsa, an shafa fenti mai mai don ya wanku. A ƙarƙashi an yanke gindin bokitin roba an kafa shi ya zama mazurari har bakin rami, in ba haka ba ƙazanta za ta ɓata gefe, matan gida su gaji, a jingine kujerar. Ƙafafunta huɗu an buɗe su waje don su sauka a ƙasa mai ƙarfi, nesa da leɓen rami.

A gida biyu an tarar an riga an huda farar kujerar roba ana amfani da ita. Dabara ce, amma hudar tana raunana ta, rana tana gasa robar, ƙafafun kuma suna baje wa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. An karɓe su.

Wurin wanka kuma laifin ƙwarewa ne. Magini ya saba idan ya zuba daɓe ya barbaɗa garin siminti ya bi da cokali har ya yi ƙyalli, mai gida ya yaba. Ruwan sabulu ya hau wannan, ya zama tamkar an zuba kuɓewa. An sassare tsohon daɓen, an zuba sabo mai gangare santimita 2 a kowace mita zuwa rariya, kafin ya bushe aka ja tsintsiyar kwakwa a kansa, a gicciye da hanyar takawa. An sa benci na zama, da ɗan dandamali na ɗora bokiti da buta daidai gwiwa, don kada a sunkuya. Gansakuka tana dawowa duk inda ruwa ke kwana a inuwa, saboda haka an ɗora wa mutum ɗaya a kowane gida gogewa da burushi ranar Juma'a da safe.

An cire sakatar ciki a ƙofofin makewayi huɗu. Wanda ya faɗi a bayan ƙofar da ke buɗewa ciki, jikinsa ne zai tokare ta. An juya ƙyauren ya riƙa buɗewa waje, an rataya tsumma a ƙusa alamar da mutum.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

An kafa fitilun sola masu kunna kansu idan suka ji motsi, uku a kowane gida: ƙofar ɗaki, kwanar tsakar gida, bakin makewayi. Tsayi mita 2, a karkace suna kallon ƙasa. Mai yanar ido, haske in ya doke shi a fuska ya fi duhu makantar da shi. An shafa farar ƙasa a gefen dokin ƙofa da bakin rariya. Tocila kuma an ɗaure ta da igiya a ƙafar gado, don tocilar tsohuwa ta kowa ce a gida. Masu raunin ido ukun an rubuta musu takarda zuwa asibitin ido a Kano a duba ko yana ce, don yana ana cire ta.

Asabar, 7 ga Disamba

Cikin ɗaki. Ledar ƙasa da ta yage ta naɗe baki, da tabarmar da aka shimfiɗa a kan leda, su ne tarkon da aka fi samu. An ɗauke duk abin da ke tsakanin gado da ƙofa, darduma kuma a naɗe ta bayan sallah. Gado iri biyu ne ke ba da wahala: katifa a ƙasa, wadda tashi daga kanta sai da rarrafe, da tsohon gadon ƙarfe mai rumfa da aka ɗora wa katifa biyu har ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Ma'aunin ɗaya ne: mutum ya zauna a bakin gado, tafin ƙafarsa duka biyu su kwanta a ƙasa, gwiwa daidai da ƙugu ko ƙasa kaɗan. An rage wa gado uku ƙafa, an yi wa katifa biyu dandamalin katako. Gidan sauro a soke shi ta gefe uku, a bar gefen fita da baki a ninke, kada ya harɗe ƙafa.

Dokin ƙofa ya jawo muhawara. Wasu sun kai santimita 25, kuma mai shanyewar ɓari ba ya iya ɗaga ƙafa haka. Ma'aikaciyar lafiya ta so a fasa su, magini ya ƙi, kuma da gaskiyarsa: shi ne ke tare ruwan damina da ƙwari. Gangaren da keken guragu zai hau lafiya yana son santimita 12 na tsawo a kan kowace santimita ɗaya ta tudu, wato dokin ƙofa mai 20 zai ci mita biyu da santimita 40. A waje akwai fili, a cikin ɗaki babu. An tsaya a kan matakala ɗaya ciki da waje, tudu rabin na dokin ƙofar, faɗi santimita 40 don ƙafa biyu su tsaya, da ginshiƙi a gefen hannu mai lafiya. Gangare sai gida na 11 kaɗai, inda ake tura keke.

Takalmin soso da ya suɗe an musanya shi da mai maɗauri a dunduniya. Zane da jallabiya a ɗage su sama da idon sawu.

Lahadi, 22 ga Disamba

Hunturu ya sauko, kaskon wuta ya shiga ɗaki a gida goma. Hana shi baki ɗaya magana ce da ba wanda zai bi, don jikin tsoho ba ya riƙe ɗumi. Abin da aka yi ta nanatawa shi ne garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ko da hayaƙi ya ɗauke. A ɗakin da aka toshe taga da tsumma aka ja ƙofa, tana taruwa. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, abin da mutanen gida za su ce sanyi ne ko zazzaɓi, ƙarshenta barcin da ba a tashi. Duk wanda aka samu haka a fito da shi sarari nan take, a buɗe ko'ina, a kai shi asibiti ko ya ce ya warware. Janareta a zaure ko kusa da taga hukuncinsa ɗaya.

Tsarin da aka bari a gidajen: a hura gawayi a waje har ya ruru, a shigo da shi ya ɗumama ɗaki da ƙofa a buɗe da mutum a zaune, a fitar da shi kafin a kwanta. Tagar sama ba a toshe ta. A maimakon wutar dare, bargo biyu, safa, hula, da gorar ruwan ɗumi a naɗe da zane. Kaskon ya yi nesa da gado da gidan sauro da taku uku, domin bargon roba da hijabin nailan ba ci suke yi kawai ba, narkewa suke su manne a fata.

Masu ciwon suga da masu shanyewar ɓari ƙafarsu ba ta jin zafi yadda ya kamata. A gida na 6 an ga tabon ƙuna a dunduniya, mai ita ba ta san lokacin da ta ƙone ba. Ruwan wanka da na alwala mai jinya ne zai sirka, ya gwada da gwiwar hannunsa. In an ƙone, ruwa mai sanyi a yi ta kwarara minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta. Ba ƙwai, ba gishiri, ba man goge baki, ba baƙin mai, kuma ba a fasa ƙurjin.

Wani abin da ba a zata ba: a gida uku ɗakin tsohuwa shi ne rumbun wake, buhu a jere da ƙwayar nan da ake kira bom a ciki. Iskar da ƙwayar ke saki don kashe ƙwaro tana kashe mutum. An fitar da buhunan a ranar. An nuna musu buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwaron da rashin iska ba tare da magani ba.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An faɗi a gida na 7, gidan da aka gama wa komai. Dattijon ya ji kiran sallar farko, ya miƙe daga kwance kai tsaye, taku biyu ya zube kafin ya kai ginshiƙi. Ba karaya, sai ƙujewa a goshi.

An auna jininsa a kwance bayan hutun minti biyar, 150 bisa 90. A tsaye bayan minti ɗaya, 122 bisa 80. In na sama ya sauka da 20 ko na ƙasa da 10 cikin minti uku da miƙewa, to jini ne ke gudu daga kai. Aka ce a kawo duk maganin da yake sha. Leda guda aka zazzage: maganin hawan jini amlodipine kwali biyu na kamfani daban-daban, yana shan duka biyun a zaton magani biyu ne, da Piriton na mura, da ƙwayar barci diazepam da aka sayo a wani kemis ba takarda. An kai ledar gaban likita tare da shi. Ba a ce ya daina komai da kansa ba, musamman ƙwayar barcin, don wanda ya daɗe a kanta a hankali ake janye masa.

Saboda haka an bi sauran gidajen da na'urar awon jini, an zazzage kowace leda. Yanzu mutum ɗaya ne ke ba da magani a kowane gida, da kwali mai zanen rana da wata. An kuma koya wa kowa tashi kashi uku: a juya gefe, a zauna a bakin gado ana motsa ƙafa gwargwadon karanta Fatiha sau uku, sannan a miƙe a tsaya riƙe da abu kafin a taka.

An yi wa masu jinya bitar abin yi in an faɗi. Kada a fizgo mutum ta hammata. A tambaye shi inda ke ciwo, a dubi ƙafafunsa. Idan ɗaya ta gajarce ta juya waje, kuma ba ya iya ɗaga ta, wuyan ƙashin cinya ne ya karye. A zura ƙyauren ƙofa ko falanki a ƙarƙashinsa, a ɗaure ƙafa biyun tare da zane a tsakaninsu, a nemi mota, ba babur ba, zuwa inda ake hoton ƙashi; Asibitin Ƙashi na Dala a Kano aikinsa ke nan. Mai ɗori yana da inda hannunsa ke kaiwa, amma wannan ƙashin yana can cikin nama, kara da tsumma ba sa riƙe shi, kuma watannin kwanciya ana jira su ne ke jawo gyambo da ciwon huhu. Wanda ya bugu a kai kuma a sa masa ido kwanaki: amai, yawan barci, ruɗewa ko sabon rauni a hannu, asibiti ba jira. In ba ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya juya ya durƙusa, a kawo kujera ya dafa, ya kafa ƙafa mai ƙarfi ya tashi da kansa, mai taimako yana riƙe da ƙugunsa.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Hanya mafi aminci da dare ita ce wadda ba a bi ba, shi ya sa aka raba fo mai murfi da kujerarsa. Gida biyar an tarar da shi a ƙarƙashin gado da ƙura. Dalili kunya. Wata ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a hankali: "'Yar nan, matar ɗana ce za ta ɗauki wannan da safe? Gara na rarrafa." Ba a yi gardama da ita ba. An zauna da 'yarta da ke aure a unguwar, aka shirya ita ko babbar jikar su riƙa zubarwa kafin gari ya waye, aka kuma ja labule a kusurwar ɗakin. Dattawa maza sun fi karɓar gora mai faɗin baki, su zubar da kansu.

An ja igiya daga kan gado zuwa ɗakin da ke kusa, da gwangwani mai tsakuwa a ƙarshenta. Ba ta cin batir, ba ta neman sabis.

Sanduna an yanka su daidai: mutum ya tsaya da takalminsa, hannu a sake, kan sandar ya zo wuyan hannu. An sa wa gindin robar taya. A hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya ake riƙe ta, kusan kowa akasin haka yake yi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Azumi saura mako guda. Masu ciwon suga uku an tura su ganin likita tun yanzu, musamman mai shan glibenclamide, maganin da ke iya kayar da sugan tsoho ƙasa warwas idan ciki ba komai. Alamarsa gumi, rawar jiki, magana ba kan gado. In yana iya haɗiya, cokalin shayi uku na sukari a rabin kofin ruwa. In ya suma, ba a ɗura masa komai, asibiti. Batun wanda rashin lafiya ya ɗauke wa azumi an bar wa limamin unguwa, shi suke ji, kuma ya yi bayani bayan sallar Juma'a. An roƙi ladan a riƙa kawar da tarin takalma daga ƙofar masallaci, an kafa ginshiƙi ɗaya a matakalar. Lokacin sahur tsakar gida tana cika da tukwane da itace a cikin duhu, don haka an ja layin farar ƙasa a hanyar makewayi, ba a ajiye komai a kansa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Kuskurenmu ya fito. Bututun da ke rana, da azahar ba ya taɓuwa, tsofaffi sun koma bin katanga. An naɗe duka da igiyar rama, zagaye a matse; inda aka gwada robar tayar keke ta yi danƙo ta tsinke. Da an san haka da tun farko an yi.

Zafi yana busar da tsoho ba tare da ya ji ƙishi ba, wasu ma da gangan suke rage sha don gudun fitsarin dare. An ajiye wa kowa gora mai lita ɗaya da rabi a inda hannu ke kaiwa, a sha mafi yawa kafin La'asar, sai wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Masu kwana a waje an fito musu da gado maimakon tabarma, a kakkaɓe takalmi da shimfiɗa saboda kunama.

Masu kwanciya biyun, ɗaya ta fara ja a ƙashin gindi. Gwajin mai sauƙi ne: a danna wurin da yatsa, in bai yi fari ba gyambo ya soma. Ledar da aka shimfiɗa mata saboda fitsari tana manne da fata, ga gumi. An sa zanen auduga ninki biyu a kan ledar, ana juya ta duk awa biyu, matashi a bayanta da tsakanin gwiwa, dunduniya a sama ba ta taɓa katifa. Ba a murza wurin da ya yi ja. Wajen ci kuma a zaunar da ita sosai, loma ƙarama, kunu mai kauri ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya ga mai shanyewar ɓari, kuma ta zauna rabin awa bayan ta gama. Tari a kan kowace kurɓa alama ce abinci yana bin hanyar iska.

Asabar, 24 ga Mayu

Gidajen masu gigin tsufa biyu. Rijiyar gida na 3 bakinta daidai da ƙasa yake, an rufe da langa-langa da dutse. An ɗaga mata baki da bulo zuwa santimita 80, an yi murfin ƙarfe da kwaɗo. Kalanzir da fiya-fiya da maganin feshi da aka ɗura a gorar ruwa da ta lemo an kwashe su zuwa akwati mai makulli, ashana ma haka. A ɗaya gidan an tarar ana kulle tsohon ta waje idan za a tafi gona. Ba mugunta ba ce, rashin mai tsaro ne, amma in wuta ta tashi ko ya faɗi ba mai sani. An rataya ƙararrawa a ƙofar zaure, an ɗinka lambar wayar ɗansa a cikin aljihun rigunansa, mai unguwa kuma ya sanar da maƙwabta da masu shago cewa duk wanda ya gan shi ya nufi hanyar kogi ya rako shi gida.

Asabar, 14 ga Yuni

Ruwa biyu ya sauka, an zagaya a ga abin da ya tsaya. Ginshiƙi ɗaya a gida na 4 yana girgiza: indararo yana zuba a gindinsa, ƙasar gefen kankaren ta zaizaye. Za a tuge shi a ƙara zurfi zuwa santimita 80, a karkatar da indararon. Hanyar makewayi a gida shida ta zama taɓo, layin farar ƙasa ya wanke. Ana zuba birji kauri santimita 10, faɗi mita ɗaya, a daɓe shi da tudu a tsakiya don ruwa ya gangara gefe; amalanke biyu zuwa uku kowane gida. Fitila bakwai sun daina kamawa, biyar ƙura ce da kashin tsuntsu a kan farantin, an goge sun dawo, biyu ruwa ya shige su. Uku kuma ba a same su a inda aka kafa ba, an gan su a ɗakin samari.

Masan gida na 9 ya rufta ta gefe ɗaya daren Talata, ba kowa a kai. An toshe ƙofarsa da ƙaya, tsohuwar tana amfani da fo, ana haƙa sabo nesa da rijiya da katanga. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a ƙasar nan ya san yadda ginin ƙasa ke jiƙa daga tushe ya zauna ba sallama, saboda haka an duba gindin katangar kowane ɗakin da tsoho ke kwana. Biyu sun tsage, na gida na 1 da na 8, an mayar da masu su wani ɗakin kafin a yi yaɓe. An kuma rubuta a kowane gida wa zai ɗauki tsohon, da me, zuwa wane tudu, idan ruwa ya shigo da dare.

Sauran aiki kafin ƙarshen wata: birjin gida huɗu, murfin kankaren gida na 9 wanda sai ya kwana bakwai ana ba shi ruwa, da maimaita gwajin tashi da tafiya ga mutum goman farko. Siminti buhu biyu ya rage, ana buƙatar biyar.